Wa Ya Kai Rahoto?

Hadarin farko na shekara ya fi zuwa da iska fiye da ruwa. A daren da ya sauka a Yelwa, mutanen wata unguwa ta bakin ruwa suka ji ƙara daga wajen taransifoma, aka ga tartsatsi, sai duhu. Ba wanda ya ɗaga kai, don ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne a ƙasar Yauri. Sai da aka kwana uku, unguwar tsallaken titi tana ta haske su kuwa shiru, sannan aka gane matsalar tasu ce su kaɗai.

Mai sayar da ƙanƙara ne ya fara ji a jikinsa. Firizojinsa suka narke, matan da ke sarin kifi a bakin ruwa suka rasa abin ajiye shi, suka koma banda, duk da kifin banda yana cin itace yana cin lokaci. Mai walda ya rufe shago. Mai cajin waya da ƙaramin janareta ne kaɗai kasuwarsa ta buɗe.

Kullum bayan la'asar a majalisar ƙofar masallaci zancen ke nan. Sai dai mai walda ya ɗauka mai unguwa ya je ofishin wuta. Mai unguwa ya ɗauka mai ƙanƙara ya je, tunda shi ya fi kowa asara. Mai ƙanƙara kuwa cewa ya yi ai ma'aikata suna gani a na'urarsu. Haka aka cinye mako biyu.

Wanda muryarsa ta fi nauyi a majalisar wani dattijo ne da kowa ke kira Baba. A gungu aka haife shi, yana yaro aka taso su lokacin da ruwan madatsar Kainji ya cinye garuruwa a 1968. Mutum sama da dubu 40 aka sauya wa mazauni, har da Gungawa da yawa da suka bar gonakin albasa da kaburburan iyayensu a ƙarƙashin tafki. In aka ta da zancen wuta, sai Baba ya nuna manyan wayoyin da suka ratsa daji suka nufi Birnin Kebbi.

"Daga can har Yamai ake kai ta," in ji shi. "Mu da muka ba da ƙasar, mu ne za mu je ofis roƙo? Ni dai ƙafata ba za ta taka ba."

Ba mai musa masa, kuma bai kamata a musa ba. Madatsar da aka gina don ta ba da megawat 960 tana maƙwabtaka da ƙauyukan da har yau tocila ce fitilarsu. Wannan ciwo ne na gaske. Amma ciwon yana cikin majalisa, taransifoma tana bakin titi, wanda zai gyara ta kuma bai ji labari ba.

Da abin ya ishe su, sai aka yi karo-karo aka kira wani saurayi mai ɗan taɓa gyaran wuta. Ya hau turke da magariba, ya ɗaura waya a inda fis ya ƙone. Wuta ta zo, yara suka ɗauki sowa. Kafin isha'i ta yi ƙarfi, ƙwayaye suka fashe, firiza biyu na mai ƙanƙara suka ƙone, duhu ya dawo. Allah ne ya kiyaye saurayin da ransa.

A daren, jikar Baba da ta gama sakandare ta kawo masa tuwo a tsakar gida.

"Kaka, in tambaye ka?"

"Tambayi, amarya."

"Ranar da mai sarin albasa ya riƙe maka kuɗi, da ka bi shi har kasuwa, roƙo ka je?"

"Wane irin roƙo? Haƙƙina na je karɓa."

"To ai kana biyan kuɗin wuta duk wata."

Baba ya ajiye lomar da ya ɗauko. Yarinyar ta ci gaba da faɗa masa abin da ta ji a rediyo. Ko da yake har gobe NEPA mutane ke cewa, aikin ya daɗe da rabuwa: masu samar da wuta a madatsa daban, masu ɗaukar ta a manyan wayoyi daban, mai raba ta gida-gida daban. Na Kebbi shi ne Kaduna Electric, wanda ke riƙe da Kaduna da Sakkwato da Zamfara. Mutumin da ke aiki a Kainji bai san da taransifomar unguwarsu ba. Hukumar NERC mai sa ido kan harkar wuta kuma ta ce gyaran taransifoma da turke da waya aikin kamfani ne, bai hau kan jama'a ba. In an kai koke a rubuce aka yi kwana 15 na aiki ba a warware ba, akwai zauren sauraron koke na hukumar da za a ɗaukaka shi.

Kakarta, da ke juya kifi a kan banda, ta ce ba tare da ta waiwayo ba, "Malam, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In bai faɗa ba, magini zai yi duba ne?"

Washegari bayan sallar asuba Baba ya tsayar da jama'a. Yarinyar ta rubuta takarda: ranar da wutar ta tafi, inda taransifomar take, adadin gidajen da abin ya shafa, da lambar takardar kuɗin wuta ta kowane gida. Mai walda ya so a ɓoye zancen saurayin da ya hau turke. Baba ya ƙi.

"In muka ɓoye, wani ɗan mutane zai hau bai san abin da aka ɗaura ba. A rubuta."

Aka yi kwafi biyu. Baba ya sa babbar riga, shi da mai unguwa suka tafi ofis, suka miƙa ɗaya, suka sa aka buga wa ɗayar hatimi da kwanan wata. Ma'aikacin da ya karɓa ya duba littafinsa, babu rahoto ko ɗaya daga unguwar.

Ba a ranar aka zo ba. Sai da suka sake komawa da kwafinsu a hannu. Da ma'aikata suka zo, suka ce gyaran farko ƙarami ne, na yini guda. Wayar da aka ɗaura ce ta ƙona wani sashe, dole a jira kaya. Kafin kayan su iso, mai unguwa ya hana yara zuwa kusa da turken, aka kuma bi gida-gida ana cewa a cire firji da talabijin daga soket, kada wuta ta dawo da ƙarfi ta tarar da su.

Wutar ta dawo ana cikin damina. Ƙarshen wata aka raba takardun kuɗi, gidajen da ba su da mita suka ga an caje su har da kwanakin duhu. Majalisa ta fara ɗaukar zafi, mai walda ya miƙe yana faɗa. Baba ya bari ya gama, sannan ya aiki wani yaro gida.

"Ce wa amarya ta zo da biro da kwafin nan mai hatimi. Kowa ya kawo takardarsa, gobe da hantsi za mu koma."