Abin Lura: Me Ke Riƙe Kaurin Kunu?

Duk mai dama koko ta san gasara ba ta narkewa a ruwan sanyi. Ko an motsa ta, can za ka tarar ta kwanta a gindin kwano, farin ruwa na yawo a sama. Sai ta ji tafasasshen ruwa take kamawa. Dalili kuwa, sitacin da ke cikin gero, dawa ko rogo ƙananan ƙwayoyi ne da ke ƙunshe da dogayen sarƙoƙin sukari. Idan zafi ya kai wajen digiri 60 zuwa 70, sai ƙwayoyin su sha ruwa su kumbura, sarƙoƙin su sarƙe da juna. Kaurin ke nan.

To, amma dubi mai kunun zaƙi. Bayan kunu ya yi kirtif, sai ta zuba markaɗaɗɗen ɗanyen dankali ko tsiron hatsi, ta rufe ta bar shi. Kafin gari ya waye ya tsinke, ya yi zaƙi. Ba ruwa ta ƙara ba. Wani sinadari ne a cikin dankalin ko tsiron ke datse sarƙoƙin gutsi-gutsi, gajeriyar sarƙa kuwa saurin narkewa gare ta, ba ta iya riƙe kauri. Tsami ma yana wannan aiki idan ya haɗu da zafi. Tun a 1811 wani masani mai suna Kirchhoff a Rasha ya dafa sitaci da ruwan asid ya mai da shi sukari. A yau masana'antun takarda da na yadi suna tsinka sitaci da gangan, don ya ratsa zare ya shimfiɗu sumul.

Masu sarrafa abincin gwangwani kuma akasin haka suke nema: sitacin da zai jure wuta, da tsami, da bugun inji. Sai su sa sinadarin fosfet ya ɗaure wata sarƙa da wata, nan da can. Idan ka ga E1412 a jikin kwalin abinci, irin wannan sitaci ne. Abin mamakin shi ne ƙanƙantar fosfet ɗin da ake zubawa, sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 na sitacin ba. Ɗaurin kaɗan ne, amma shi ke hana ƙwaya fashewa a kan wuta. Idan kuma aka cika shi, ƙwayar ta ƙi kumbura, kauri ya gagara.

Haka zaman dangi yake. Yawan jama'a ba ya riƙe gida idan ana datse abin da ke tsakaninsu da gulma da ƙiyayya. Ziyara, gaisuwar mara lafiya, bashin da aka yafe, su ne ɗaurin da ba a gani sai ranar da wahala ta zo. Kuma kada a matse mutane har su rasa wurin sakewa. Yau ka nemi ɗan'uwan da ka daɗe ba ka ji muryarsa ba, ka gaishe shi.