Wa Zai Biya Ɓarnar Kifi?

Duk wanda ya karanta Risala a zauren malami ya san hukuncin dabbar da ta shiga gonar mutane: abin da ta ɓata da dare mai ita ne zai biya, na rana kuwa babu biya, domin da rana tsaron gona yana wuyan mai gona. Asalin hukuncin yana cikin Muwaɗɗa, a labarin taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga garkar wani mutum. Amma hukuncin nan ya tsayu ne kan abu biyu: an san mai dabbar, kuma ana iya kora ta a fitar. Ni da nake kiwon tarwaɗa a bayan gida a Ƙofar Marusa, abin da ya daɗe yana cin raina shi ne: mene ne hukuncin dabbar da in ta shiga ba ta fita, ba kuma mai iya nuna mai ita?

Giwan ruwa namu ne. Yana Tafkin Chadi, yana Kogin Kwara, shi ake ɗagawa ana kabbara a Argungu. A shekarun 1950 aka ɗauke shi aka zuba a Tafkin Biktoriya, tsakanin Uganda da Kenya da Tanzaniya, don masunta su sami babban kifi na kasuwa. Niyyar ba mugunta ba ce, kuma kasuwar ta samu. Amma da ya bunƙasa a shekarun 1980, sai ya bi ƙananan kifayen tafkin da ci, har nau'i kusan 200 suka ɓace, waɗanda yawancinsu babu su a ko'ina a duniya sai nan. Wa za a kai ƙara? Nawa ne diyyar halittar da ta ƙare? Ita ma tarwaɗar da nake ciyarwa safe da yamma, Indiya ta haramta kiwonta saboda yadda take cinye kifayen can.

Amurka kuwa da kifin kaf take fama. A shekarun 1970 aka shigo da irin na Asiya jihar Akansas don ya tsabtace tafkunan kiwo. Ambaliya ta kwashe shi zuwa Kogin Misisifi, ya hayayyafa har aka kafa shingen lantarki cikin ruwa kusa da Shikago don kada ya kai manyan tafkunan arewa. Doka ta hana yawo da shi da rai, kuma a 2022 jihar Ilinoi ta canja masa suna ko mutane sa saba da cinsa. Mu ma an kawo mana ɗan'uwansa daga Turai zuwa gonar kifi ta Panyam a Filato tun shekarun 1950. Shi wannan na Turai a gindin ruwa yake kiwo: yana tonon laka, yana tumɓuke ciyawar da sauran kifaye ke ƙwai a cikinta, ruwa ya gurɓace. Jajayen kifin adon nan da ake sayar wa yara cikin gilashi danginsa ne, kuma in suka sami fili girma suke yi sosai.

A kan irinsu ne muka yi muhawara da wani dattijo maƙwabcina. Jikokinsa sun gaji da kifin adonsu, shi kuma ya yi niyyar a kai su dam ɗin Ajiwa a sake. Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, kada a yi haka." Ya ce, "Yaro, ai rai ne. Ka manta matar da ta shiga wuta saboda kyanwa?"

Ban raina hujjarsa ba, don zuciya mai kyau ce ta kawo ta. Sai dai laifin matar nan shi ne ba ta ciyar da kyanwar ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Kyanwa in an sake ta cikin gari ta koma inda ta saba. Baƙon kifi kuwa in an sake shi, gidan wasu aka kai shi. Baba yana ganin kifayen da ke gabansa cikin gilashi, ba ya ganin karfasa da ƙurungu da ke Ajiwa, ba ya ganin masuncin da ke ciyar da iyali da su, balle ruwan da mu mutanen birni muke sha daga can. Tausayin da ya tsaya iya abin da ido ke gani ya yi wa na ɓoye rashin adalci. Wataƙila kifin su mutu cikin mako guda, wataƙila kuma su yaɗu. Mai sakinsu bai san wanne ba, kuma ba da dukiyarsa yake wannan kasadar ba.

Akwai wata tambaya da ta fi wannan nauyi. Ƙasa ta Allah ce, ruwa nasa ne. Su wane ne mu da za mu kira wata halitta baƙuwa? Amsata ita ce kifin ba shi da laifi ko kaɗan. Ba zan sa shi sahun kunama da ɓera da aka halatta kashewa ko a Harami ba. Giwan ruwa bai yi iyo zuwa Biktoriya ba, hannu ne ya kai shi. Suratur Rahman ta ambaci ma'aunin da Allah ya kafa ta kuma hana ƙetare shi, kuma mutum ake wa wannan hani, ba kifi ba. Saboda haka in ya zama dole a kama baƙon kifi a kashe, a yi da kyautatawa kamar yadda aka umarce mu a yanka, a ci, a sayar, a ciyar da mabuƙata. Kashe shi don nishaɗi a bar shi tsibi yana ruɓewa, wannan zuciyata ba ta karɓe shi ba.

Tunda ɓarnar ba ta biyuwa, nauyin ya dawo gabanin aikin. Malikawa suna da ƙa'idar toshe hanyar da ke kai wa ga ɓarna, ko da hanyar a kanta halal ce. Riƙe kifi don ado halal ne, kamar yadda malamai suka fahimta daga tsuntsun da ƙanen Anas ɗan Malik yake wasa da shi. Sakinsa a ruwan jama'a ne ƙofar da ya kamata a toshe. Shi ya sa ba na kallon dokar 1962 kan shigo da kifi mai rai, ko dokar kamun kifi ta 1992 da ta ce sai da izini, a matsayin shisshigin gwamnati. Sayyidina Umar ya keɓe makiyaya a Rabaza don amfanin jama'a, Kabawa kuma suna hana su a Matan Fada sai lokacinsa ya yi. Hana mutum ɗaya don ruwa ya amfani kowa tsohon abu ne a wurinmu.

Baba bai ce na yi gaskiya ba, amma ya aika aka mayar wa mai shagon da kifinsa. Mu masu kiwo kuwa haɗarinmu ya fi nasa, domin muna sayen 'ya'yan kifi daga nesa ba tare da tambayar irinsu ba, ruwan Agusta kuma yana cika kwarami ya malala zuwa lambatu, lambatu ya kai rafi. Na sa raga mai ƙananan ido a bakin bututun da nake zubar da ruwa, ina rage ruwan tanki in na ga hadari ya haɗu, kuma ba na karɓar iri daga wanda ya kasa gaya mini inda aka ƙyanƙyashe shi.