Gajiyar Da Barci Ba Ya Warkarwa



Cikin masu zuwa Misa a Talata Mafara, da waɗanda ke tahowa daga Bakura da Maradun, akwai ma'aikatan banki, da malaman asibiti, da masu yi wa kamfanonin waya aiki. Mukan gan su ranar Lahadi a kujerun baya, idanu sun faɗa, waya a hannu, gama shugabansu yana iya kira ko da ana tsakiyar addu'a. Wani an yanka masa adadin kuɗin da zai kawo wa banki kafin ƙarshen wata, a ƙasar da manomin Bakolori ke fargabar zuwa gonarsa. Bayan kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a 2021, wa ke hawa hanyar aiki da kwanciyar rai? Tsoro a hanya, tsoron kora a ofis. Mutum ya dawo gida, ɗansa ya gaishe shi, ya amsa da tsawa.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan hali a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, ta kuma ba da alamunsa uku: ƙarewar ƙarfi, zuciya ta fita daga aikin, sa'an nan ƙwazo ya ragu. Mu kuwa mun saba kiransa lalaci, ko ƙarancin bangaskiya. A nan muka yi kuskure.

Mu tuna da Annabi Iliya cikin Littafin Sarakuna na Fari, sura 19. Bayan gagarumin aikinsa a Dutsen Karmel, ya gudu jeji saboda Yezebel, ya zauna gindin wani itace, har ya roƙi mutuwa. Allah bai tsauta masa ba. Mala'ika ya tashe shi ya ci gurasa, ya sha ruwa, ya koma barci. Aka sāke tashe shi ya ci karo na biyu. Sai da jiki ya dawo, ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Horeb, kafin Ubangiji ya tambaye shi damuwarsa.

Ku masu ɗaukar ma'aikata, ko da yara biyu ne a shago, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya koyar a 1981 cewa darajar ma'aikaci tana gaba da ribar aikinsa. Wanda ya hana yaronsa ranar hutu cikin mako, ya shigar da wannan cikin binciken zuciyarsa kafin ya je ikirari. Mu ma a Ikilisiya ba mu kuɓuta ba: wanda ya fi kowa gajiya shi muke ɗora wa kwamitin godiyar kaka, in ya makara mu yi gunaguni.

Ɗan'uwa, in barci ya ƙaurace maka makonni, ko tunanin hallaka kanka ya fara zuwa, kada ka ɓoye. Faɗa wa Fada, ko Katikis, ko uwa ɗaya cikin Zumuntar Mata, mu raka ka wurin likita. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware, kusa da Sakkwato, kuma tun 2023 ƙasarmu tana da sabuwar dokar da ke kare haƙƙin masu neman irin wannan magani.