Israfi a cikin waya

Malaman fiƙihu a zaurukan Birnin Kebbi da Gwandu sun daɗe suna karantar da ɗalibai cewa ɓarnar ruwa wajen alwala abin ƙi ne, ko da mutum na tsugune a bakin Gulbin Rima sa'ad da ya cika ya batse. Hukuncin bai rataya ga ƙarancin ruwa ba. To, shin wannan ma'auni ya hau kan mai rubuta manhaja, wanda abin da yake kashewa shi ne ma'adanar na'ura?

Tarihin harshen kwamfuta mai suna Lua ya isa a yi nazari a kansa. A 1993 ne mutum uku, Roberto Ierusalimschy da Luiz Henrique de Figueiredo da Waldemar Celes, suka ƙirƙiro shi a jami'ar Katolika ta Rio de Janeiro, a sashen Tecgraf mai yi wa kamfanin mai na Petrobras aiki. Daga 1977 zuwa 1992 ƙasar Barazil ta tsaurara dokar shigo da kwamfuta da manhaja daga waje, don haka masanan ƙasar suka saba da ƙera kayan aikinsu da kansu. Lua ƙaramin harshe ne da ake cusawa cikin wata manhaja ko na'ura, a riƙa ba ta umarni ba tare da an sake gina ta ba. Duk girmansa bai kai rabin megabait ba. Shi ya sa a 2014 aikin NodeMCU ya iya ɗora shi kan ESP8266, 'yar na'urar da wurin aikinta bai wuce kilobait 80 ba.

Mai ja zai ce ai wannan dole ce, kuma dole ba ta zama falala. Yana da hujja, domin malaman zuhudu ba sa kiran wanda ya rasa da sunan mai gudun duniya. Sai wanda ya samu ya kame. Amma shingen Barazil ya faɗi tuntuni, kwamfutoci sun yalwata, Lua ya shiga wasan World of Warcraft da shafukan Wikipedia, duk da haka bai kumbura ba. Mutanen nan uku sun ɗaure kansu da ƙa'ida: ba a ƙara wa harshen komai sai duk sun yarda. Shekara talatin da ɗoriya suna ƙin ƙari alhali ƙofarsa a buɗe take, kuma wannan ya fi kusa da ƙana'a.

Mutanen Argungu sun san irin wannan iyaka. A bikin kamun kifinsu, wanda ya samo asali a 1934 bayan sulhu tsakanin Kabi da Sakkwato, UNESCO kuma ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2016, da koma da gora ake shiga kogin Matan Fada, ko da yake manyan taruna na nan a kasuwa. Sauran watannin shekara a bar ruwan ya huta.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne wanda ke biyan kuɗin ɓarnar. Injiniyan da ya cika manhaja da tarkace yana aiki ne da babbar kwamfuta, ba ya jin komai. Manomin shinkafa a fadamar Argungu shi ne wayarsa ke sanar da shi cewa wuri ya ƙare, sai ya goge karatun Alƙur'ani ko hotunan 'ya'yansa, sannan ya sayi data don sabunta manhajar da ba ta ƙara masa komai ba. Kamfanin Facebook da kansa ya fitar da Facebook Lite a 2015 saboda masu ƙananan wayoyi, wato rage nauyin abu ne mai yiwuwa tun farko. Saboda haka israfin mai manhaja ya wuce na mai alwala a bakin gulbi, tunda ya taɓa haƙƙin wani. Ɗalibin Kwalejin Waziri Umaru da zai haɗa na'urar auna damshin ƙasa don gonakin rani zai tarar da wannan lissafi a gabansa tun daga layin farko da zai rubuta.