Tsakanin Aro da Sata a Rubutun Masana

Idan mutum ya shiga rumbun maƙwabcinsa ya ɗebi gero, kowa ya san sunan abin da ya aikata, gama geron ya ragu. Amma idan malamin jami'a ya kwashe shafi uku daga aikin wani, ya ɗora sunansa a kai, ya aika wa mujallar masana, mai aikin bai rasa ko harafi ɗaya ba. To, me aka sata?

Waɗansu sukan ce ai kowane mai ilimi aro yake yi. Gaskiya ne, kuma mu mutanen Dalijan ba sai mun yi nisa wajen neman misali ba. A Gwandu aka binne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. A shekarar 1812 ya rubuta Ida'un Nusukh, inda ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu, har da mahaifinsa, da yayansa Shehu Usmanu, da Malam Jibrilu ɗan Umaru, tare da littattafan da ya karanta. Ya ɗebo da yawa daga magabata, amma ba wanda ya kira shi ɓarawo, domin ya nuna rijiyar da ya sha.

Ashe laifin ba ya cikin ɗauka, yana cikin ɓoye sunan mai abu. Abu biyu mai satar fasaha yake ƙwacewa. Na fari, ladan ma'aikaci: a jami'a, da yawan rubutun da aka buga ake ƙara wa malami girma, saboda haka kujerar da ɓarawon ya hau ta wani ce. Na biyu, amanar mai karatu, wanda aka toshe masa hanyar bin sawun magana har tushenta. Mujallu kuwa sukan nemi marubuci ya tabbatar aikin nasa ne, kuma ba a taɓa buga shi ba. Wanda ya sa hannu a kan ƙarya ya karya doka ta bakwai da ta takwas a lokaci guda.

Duniya ta yi ƙoƙarin kafa shinge. A 1997 editocin mujallun likitanci a Ingila suka kafa kwamitin COPE domin tsara yadda ake binciken irin wannan zargi, har da janye rubutun da aka riga aka buga. A 2011 Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirin dokta na ministan tsaron Jamus, Guttenberg, ya kuwa sauka daga muƙaminsa. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Duk da haka, manhaja irin Turnitin kalmomi take gwadawa. Wanda ya sāke kalmomi ya riƙe tunanin wani yana iya wuce ta. Lamiri kaɗai ke kama wannan.

Mun sani matsi yana da yawa a kan malami mai ɗan albashi da ake jiran rubutunsa. Amma zanen aro ba ya rufe katara, kuma ɗalibi yakan koyi halin malaminsa kafin darasinsa. 'Ya'yanmu suna karatu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, da ta jiha a Aliero. Bari mu saba musu tun suna firamare da tambaya guda: wannan magana, a wurin wa ka ji ta? Yaron da ya iya amsa wannan ba tare da kunya ba, ya kama hanyar zama masani na gaskiya.