A Ina Ka Tsaya?

Karatun yau: Yohanna 1:6-9

Wanda ya taɓa tashi daga aikin dare a Sharada ko Challawa, ya fito ya tarar an ɗauke wuta, ya san darajar farin wata. Shi ke nuna masa kwata da ramin hanya har ya isa gida. Amma wata ba shi da hasken kansa ko kaɗan. Dutse ne da ƙura mai launin toka. Hasken rana ne yake sauka a kansa, shi kuma ya maido mana kamar kashi 12 cikin ɗari kawai. Wannan ɗan abin ya ishi mai tafiya.

Manyanmu za su tuna da ranar Laraba, 29 ga Maris, 2006. Da hantsi rana ta yi husufi. A Gusau da Katsina da Maraɗi gari ya yi duhu na 'yan mintoci, a nan Kano kuwa haske ya dushe ƙwarai. Mene ne ya rufe rana? Watan nan ne dai, mai haska mana dare.

Ga yadda abin yake. Duniya tana kewaya rana sau ɗaya a shekara, wata kuma yana kewaya duniya, daga tsayuwa zuwa tsayuwa kwana 29 da rabi. In yana can ɓangaren da ke nesa da rana, fuskarsa mai haske tana kallonmu, sai mu ga cikakken wata. In kuwa ya shiga daidai tsakaninmu da rana, inuwarsa ce ke faɗowa a kanmu. Rana ta fi wata faɗi kamar sau 400, amma ta fi shi nisa kamar sau 400: tana kilomita miliyan 150 daga nan, shi kuwa kilomita 384,000. Kusancinsa ne ya ba shi ikon ɓoye abin da ya fi shi.

Akan ce ba a rufe rana da tafin hannu. Gaskiya ne. Amma in ka ɗora tafin a kan idon ɗan'uwanka, a wurinsa rana ta ɓace.

To, ga tambayar: mutum zai iya zama marar laifi a idon kansa, alhali shi ne duhun wani? Ka duba ogan ma'aikata a kamfanin roba ko na jimar fata. Ran Lahadi yana jagorar waƙa, ran Litinin yana yanke wani abu daga kuɗin leburan da ya samo wa aiki. Yaron bai san tauhidi ba, ogansa ya sani. In an ce masa Allah mai adalci ne, fuskar ogan zai fara gani. Haka uban da kamfaninsu na Bompai ya rufe, ya dawo gida yana huce haushinsa a kan mata da yara. Haka ma'aikacin ikkilisiya da yake so a riƙa ambaton sunansa a kowace shaida.

Wani zai ce, "Ni ƙarami ne, wa zan tare wa Allah?" Ai wata ma ƙarami ne. Ga wanda yake ƙarƙashinka, babu wanda ya fi ka kusa. Wani kuma zai ce, "Haskena kaɗan ne." Na wata ma kaɗan ne, na aro kuma, duk da haka yana kai mutane gida.

Yohanna Mai Baftisma ya san matsayinsa. Jama'a sun taru gare shi, amma ya ƙi karɓar girman da ba nasa ba, ya nuna musu Yesu, ya kauce.

Akwai bambanci ɗaya tsakaninmu da wata. Shi ba ya zaɓen inda zai tsaya, kai kana zaɓa. In akwai wanda ka riƙe wa hakkinsa, ka mayar masa a wannan mako, kafin ka kawo baikonka.

Addu'a: Ya Uba, ka gafarta mini inda na zama inuwa ga waɗanda ka sa kusa da ni. Ta ikon Ruhu Mai Tsarki, ka tsayar da ni inda za su ga haskenka. A cikin sunan Yesu, amin.