HUKUNCIN ƊAUKAR SAƘON MAKAMI

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya kai ɗan'uwa direba, da kai mai acaɓa, da duk mai karɓar saƙo a tasha tsakanin Katsina da Kurfi da Dutsin-Ma, wannan nasiha taku ce. Ka sani bindigar da ke dajin Rugu ba ta da ƙafa. Tun bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 makaman Libiya suka watsu a Sahara, amma ba su kai kansu daji ba. Wani ne ya ɗauka, cikin buhun gero ko ƙarƙashin kujerar mota, aka biya shi.

Ga abin da hukuma ta ce. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindiga uku. Na ɗaya, bindigar yaƙi da fistol: ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na biyu, bindigar farauta irin mai baki biyu: lasisinta na hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku, bindigar toka: maganarta na wurin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Sayar da bindiga ko harsashi kuwa aikin dillali ne mai rajista. Wanda aka kama da bindiga ba lasisi, dokar 1984 ta yanka masa tara, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun.

To Shari'a fa? Malaman Malikiyya sun hana sayar da makami ga wanda aka san zai yaƙi mutane da shi, kamar yadda suka hana sayar da inabi ga mai yin giya. Shi ake kira toshe kafar ɓarna. In cinikin ya haramta, ina halaccin dakonsa?

Wani zai ce, "Malam, ni ban buɗe buhun ba." To, da aka ba ka kuɗin buhu goma a kan buhu ɗaya, aka ce ka bi dare, ka kauce wa shinge, me zuciyarka ta gaya maka? Rufe ido da gangan ba uzuri ba ne gaban Allah. Jinin da aka zubar da wannan harsashi kana da kamasho a ciki.

Wani kuma ya ce, "Ai kare kai za mu yi." Kare rai da iyali halas ne, amma a shiga ta ƙofa. A nemi lasisi, a haɗa kai da hakimi da jami'an tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a 2023.

Saboda haka, saƙon da ba ka ga cikinsa ba kada ka ɗauka. Wanda ya taɓa yi ya tuba tun yau. Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya ciyar da mu da halas, amin.